BABI NA UKU: KALMOMIN JERANTA AL'AMURA MASU JIRAN LOKACI A HAUSAR KOTU DA TA TARO, DA MISALAI DAGA YANKIN FULATAN

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi nazarin wasu kalmomi da Hausawa suke amfani da su wajen ambaton takardar da aka jera al'amura a cikinta, kowane al'amari yana jiran lokacinsa ya zo. Irin wannan takarda ita ce ake liƙawa a ƙofar kotu domin masu shari'a su san ranar da za a kira su, ita ce kuma ake rabawa a wurin taro domin mahalarta su san abin da za a tattauna. Kalmomin da za a duba su ne jeri, tsari, jadawali, lissafi, fihirisa, manhaja, ajanda, rijista, rosta da taimtebur. Za a bayyana asalin kowace, da yadda ta zauna a bakin Bahaushe, da inda ma'anarta ta tsaya. Daga nan sai a gwada su a muhalli biyu, wato kotu da taro.

Dalilin wannan nazari shi ne, sau da yawa akan ji ana musanya waɗannan kalmomi kamar ma'anarsu ɗaya. A hirar dandali wannan ba ya ɓata komai. Amma a kotu, mutumin da bai bambance shigar da ƙararsa cikin littafi da sanya mata ranar sauraro ba, yana iya yin asarar kuɗin mota da wunin noma, wani lokaci ma har ya rasa ƙarar ɗungurungum. Hausawa dai sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

3.1 Wurin da Aka Ɗauki Misalai

Fulatan gari ne, kuma mazaɓa ce, a cikin Ƙaramar Hukumar Rogo ta Jihar Kano. Rogo tana maƙwabtaka da Ƙaramar Hukumar Ƙaraye, tana kuma da iyaka da jihohin Kaduna da Katsina. A shekarar 2019 gwamnatin jiha ta ƙirƙiro Masarautar Ƙaraye a matsayin mai daraja ta ɗaya. A shekarar 2024 aka soke waccan doka, sannan aka sake kafa masarautar a matsayin mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi Ƙaraye da Rogo. Akasarin mutanen yankin manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, kuma Hausa ita ce harshen mu'amala.

An zaɓi wannan yanki ne saboda mutumin ƙauye shi ne ya fi jin jiki idan takardar hukuma ta rikitar da shi. Mazaunin birni yana iya leƙawa kotu da safe ya tambaya, ya koma shagonsa. Shi kuwa wanda ya taso daga Fulatan zuwa kotu a Rogo ko Ƙaraye, ko kuwa zuwa Kano idan an ɗaukaka ƙara, tafiya ce ta musamman, wadda yakan ɗauki shaidunsa ya kuma biya musu kuɗin mota da na abinci.

3.2 Bi da Bi Kafin Zuwan Takarda

Tun kafin takardar hukuma ta yawaita, Bahaushe yana da hanyoyinsa na sanin wanda ke gaba da wanda ke biye. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya akwai ranar girki, inda ake cewa wance ta karɓi girki, wance ta fita. A adashi akwai zubi da kwasa, kuma uwar adashi ce take riƙe da sanin wanda zai kwasa a wannan karo. A aikin gayya ana sanin gonar da za a shiga yau da wadda za a shiga gobe. Kasuwanni ma kowace da ranar da take ci, har fatake suna tsara tafiyarsu a kan haka. Kalmomin da suka fito daga wannan rayuwa su ne irin su bi da bi, karɓa-karɓa, karo, da zagaye. Abin lura a nan shi ne, dukkansu suna bayyana yadda ake yin abin ne. Babu wadda take nufin wata takarda, domin a ka ake riƙe tsarin.

A ɓangaren shari'a kuwa, littattafan fiƙihun Malikiyya da alƙalan ƙasar Hausa suke karantawa sun riga sun shimfiɗa ƙa'idar wanda za a fara saurara. A cikin Muhtasar na Shehu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, an nuna cewa alƙali zai gabatar da matafiyi da kuma al'amarin da ake tsoron kuɓucewarsa, sannan wanda ya riga zuwa. Idan ba a san wanda ya riga ba, sai a yi ƙuri'a. An kuma so a ware wa mata lokaci ko rana tasu. Wato ke nan tunanin jeranta ƙararraki ya girmi zuwan Turawa. Abin da ya zo daga baya shi ne rubuta jerin a takarda tun kafin ranar zama, a kuma liƙa shi inda kowa zai gani.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sun bar kotunan alƙalai suna aiki, amma sun matsa a kan a riƙa ajiye rubutaccen bayanin shari'u. Misalin irin wannan shi ne bayanan majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas na shekarun 1913 da 1914, waɗanda aka rubuta da Larabci, kuma Allan Christelow ya fassara wasu daga ciki ya buga a 1994. Sai dai waɗannan bayanai na shari'un da aka riga aka yi ne. Wannan bambanci na abin da ya wuce da abin da ke tafe, shi ne ginshiƙin da za a riƙa komawa kansa a sauran babin.

3.3 Kalmomin Asali

3.3.1 Jeri

Jeri suna ne da ya fito daga aikatau jera, wato a ajiye abubuwa ɗaya kusa da ɗaya. Daga wannan saiwa aka sami jeru, jeranta, jere da jerin gwano. Jeren ɗakin amarya misali ne mai kyau na ainihin ma'anar, domin ana ganin kwanuka da ido, wannan na bin wannan. Da rubutu ya yaɗu sai kalmar ta faɗaɗa zuwa abin da aka rubuta layi bayan layi. Misali:

(1) An fitar da jerin sunayen 'yan takara.
(2) Dagaci ya karɓi jerin manoman da za a ba taki.

A cikin waɗannan jimloli babu maganar lokaci ko kaɗan. Jeri yana faɗin su wa da wa, ko mene da mene, amma ba ya faɗin yaushe.

3.3.2 Tsari

Tsari ya fito daga aikatau tsara. Wasalin farko dogo ne, wato tsaarii, saɓanin tsarii mai gajeren wasali wanda ya fito daga tsare, kamar a addu'ar neman tsari. Ma'anar tsari ta fi ta jeri faɗi, domin ta ƙunshi hikimar da aka bi wajen ajiye kowane abu a muhallinsa. Shi ya sa ake cewa tsarin mulki, tsarin karatu, tsarin gini. Idan aka ce tsarin taro, ana iya nufin takardar da aka raba, ana kuma iya nufin yadda aka zaunar da mutane da yadda aka gudanar da taron. Wannan faɗi shi ne ƙarfin kalmar, kuma shi ne rauninta a wurin da ake bukatar ma'ana guda tak.

3.4 Kalmomin Aro Daga Larabci

3.4.1 Jadawali

Asalin wannan kalma shi ne jadwal. A Larabci tana nufin ƙaramar ƙorama ko magudanar ruwa, tana kuma nufin rubutun da aka tsaga gida-gida da layuka. Duk wanda ya ga yadda mai lambu yake tsaga fangali, ruwa na bi ta tsakani, zai gane dangantakar ma'anonin biyu. Da kalmar ta shigo Hausa sai aka saƙa wasalin /a/ tsakanin /d/ da /w/, aka kuma ƙara /i/ a ƙarshe, domin akasarin sunayen Hausa da wasali suke ƙarewa. Wannan /i/ ta sa kalmar ta zama namiji, shi ya sa ake cewa jadawalin, ba jadawalir ba.

A yau jadawali ya fi tafiya da lokaci. Ana cewa jadawalin jarrabawa, jadawalin lokutan salla, jadawalin wasanni, jadawalin zaɓe. Alal misali, a jadawalin zaɓen 2023 an sanya zaɓen shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairu, na gwamnoni kuma ranar 11 ga Maris, daga baya aka ɗaga na gwamnoni zuwa 18 ga Maris. Wannan ya nuna siffofi biyu na jadawali: yana ɗauke da rana, kuma mai ikon da ya fitar da shi yana iya sauya shi.

Akwai kuma tsohuwar ma'anar ta rubutu gida-gida wadda ba ta da alaƙa da lokaci. Da ita ake kiran rataye-ratayen da ke ƙarshen Tsarin Mulkin 1999. A jadawali na farko ne aka lissafa jihohi da ƙananan hukumominsu, kuma a nan ne sunayen Ƙaraye da Rogo suka fito cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano.

3.4.2 Lissafi, Fihirisa da Manhaja

Lissafi ya fito daga al-hisab, inda harafin ma'arifa na Larabci ya narke cikin kalmar, /b/ kuma ta koma /f/, kamar yadda ya faru a littafi daga al-kitab. Kalmar ta sake shigowa a siffar hisabi, ta tsaya a fagen addini. Aikatau lissafa yana nufin ambaton abubuwa ɗaya bayan ɗaya, amma sunan lissafi ya fi karkata ga ƙidaya da kuɗi. Saboda haka idan aka ce lissafin ƙararraki, mai sauraro zai zaci yawansu ake nufi.

Fihirisa kuwa jerin abubuwan da ke cikin littafi ne tare da shafukansu. Tana faɗin ina, ba ta faɗin yaushe. Manhaja ita ce jerin darussan da za a koyar a wani mataki na karatu. Tana kallon gaba kamar jadawali, amma ba ta yanka rana da sa'a. Malami yakan ɗauki manhaja ne ya zuba ta cikin jadawali. A 'yan shekarun nan kalmar ta sami sabuwar ma'ana a fagen kwamfuta da wayar hannu, abin da ya ƙara nisanta ta daga wannan rukuni.

3.5 Kalmomin Aro Daga Ingilishi

3.5.1 Ajanda

Ingilishi ma aro ya yi daga Latin, inda kalmar take jam'i mai ma'anar abubuwan da ya kamata a aikata. A Hausa ta zama tilo, kuma da yake ta ƙare da /a/ sai ta zama mace: ajandar taro, wata ajanda. Jam'inta ya bi sahun mota da motoci, taga da tagogi, aka sami ajandodi. Wannan ya nuna kalmar ta zauna daram, ba baƙuwa ba ce kuma. Larabawa suna kiran wannan takarda jadwal al-a'mal, wato jadawalin ayyuka, amma Hausar Nijeriya ba ta bi wannan hanya ba, domin ta hanyar ofis da majalisa da ƙungiya kalmar ta shigo.

3.5.2 Rijista

Rijista littafi ne na dindindin wanda ake shigar da suna ko al'amari a ciki domin hukuma ta san da shi. Akwai rijistar makaranta, rijistar masu zaɓe, rijistar kotu. Ba a yin aikatau da ita kai tsaye, sai an jingina ta da yi: ya yi rijista. Fagen zaɓe ya bambanta kalmomi uku a fili. Rijistar masu zaɓe ita ce littafin waɗanda suka cancanci jefa ƙuri'a. Jerin 'yan takara shi ne sunayen masu neman kujera. Jadawalin zaɓe shi ne ranakun. Babu ɗan siyasar da zai musanya ɗaya da ɗaya.

3.5.3 Rosta da Taimtebur

Rosta tana yawo ne a bakin ma'aikatan asibiti da 'yan sanda da masu gadi. Ita ce takardar da ke nuna wanda zai yi aikin safe da wanda zai yi na dare. A taƙaice, karɓa-karɓa ce da aka rubuta. Taimtebur kuwa kalmar 'yan makarantar boko ce, kuma ma'anarta ɗaya da jadawalin darussa. A magana ana jin ta ƙwarai, amma a rubutu da labarun rediyo jadawali ya rinjaye ta.

3.6 Takardar Ƙararraki a Kotu

Kotunan alƙalai sun sauya suna da tsari sau da dama. A ƙarshen shekarun 1960 aka ɗauke su daga hannun hukumomin gargajiya, aka mayar da su kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnatin jiha. A shekarar 2000 Jihar Kano ta kafa kotunan shari'ar Musulunci a madadinsu. A gefe guda kuma akwai kotunan majistare da Babbar Kotun Jiha. A duk waɗannan akwai takardu iri uku da talaka yake yawan haɗawa a ƙarƙashin suna ɗaya.

Ta farko ita ce rijista. Ranar da mai ƙara ya kai kukansa ya biya kuɗin ƙara, sai ma'aikacin kotu ya shigar da ita, ya ba ta lamba. Ta biyu ita ce fayil ko kundin shari'ar, inda ake tara duk takardun da suka shafi wannan ƙara ita kaɗai. Ta uku ita ce takardar da ake fitarwa ta yini ko ta mako, wadda ke nuna ƙararrakin da za a kira. Lauyoyin Nijeriya suna kiran ta kos-lis, kamar takwarorinsu na Ingila da Indiya. A Amurka an fi cewa doket. A Jamhuriyar Nijar, inda Faransanci ya daɗe yana aikin ofis, sunanta ya fito ne daga kalmar da ke nufin naɗaɗɗiyar takarda.

Wannan takarda ta uku yawanci tana da gidaje kamar haka: lambar bi da bi, lambar ƙara, sunan mai ƙara da wanda ake ƙara, da kuma matakin da shari'ar take. Gida na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci ga mutumin ƙauye. Idan an sanya ƙara domin ambato ne, to za a kira ta ne kawai a ga inda aka kwana, a yanka wata rana, kuma galibi ba a jin shaidu. Idan domin sauraro ne, dole ya zo da shaidunsa. Idan domin yanke hukunci ne, shaida ta riga ta ƙare. Manomin da ya kwaso shaidu uku daga Fulatan a tsakiyar damina, ya tarar ranar ambato ce, ya yi asarar kuɗi da aikin gona na mutum huɗu. Wanda kuma ya zo shi kaɗai ranar sauraro, ya jawo wa kansa ɗage zama.

Abin da ya fi wannan muni shi ne rashin zuwa. Ƙa'idojin kotuna sun ba alƙali damar korar ƙara idan aka kira mai ƙara bai bayyana ba, kuma bai aiko da uzuri ba. Wanda ake tuhuma da laifi kuwa, idan yana kan beli ya ƙi zuwa, ana iya ba da umarnin kamo shi. A nan ne illar musanya kalmomi take fitowa. Dubi waɗannan jimloli:

(3) An sa ƙararka a rijista.
(4) An sa ƙararka a jadawalin ranar Talata.

Jimla ta (3) ba ta ɗora wa mutum zuwa ko'ina ba. Jimla ta (4) kuwa kira ce. Amma idan ma'aikaci ya taƙaita ya ce "an sa ka a takarda" ko "an rubuta ka", mai sauraro ba shi da hanyar sanin wace ake nufi.

Ya kamata kuma a bambance wannan takarda da sammaci. Sammaci, wanda shi ma aro ne daga Ingilishi, saƙo ne da ake kai wa mutum guda hannu da hannu. Takardar da aka liƙa a bango sanarwa ce ga kowa, kuma ba ta maye gurbin sanar da wanda abin ya shafa. Manyan kotunan Nijeriya sun sha rushe hukunci saboda ba a sanar da ɗaya ɓangaren ranar zama ba, domin hakan ya saɓa wa haƙƙin sauraro na adalci da ke sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999. Wannan sashe ya kuma tanadi cewa a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa cikin harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta. Idan doka ta kula da harshen da ake magana da shi a cikin ɗakin shari'a, to hankali ya nuna a kula da harshen takardar da ke ƙofar ɗakin.

3.7 Ajanda a Wurin Taro

A taron ƙungiyar manoma, ko na iyayen yara da malamai, ko na kwamitin masallaci, ajanda takan zo da wannan siffa:

1. Buɗe taro da addu'a
2. Jawabin shugaba
3. Karanta bayanin taron da ya gabata
4. Batutuwan da suka taso daga bayanin
5. Babban batun ranar
6. Sauran batutuwa
7. Rufe taro da addu'a

Ana iya ganin cewa babu sa'a a gaban kowane batu. Ajanda ta zama ɗaya ce, kuma abin da ke cikinta batutuwa ne da za a yi shawara a kansu a yanke. Wannan ya raba ta da takardar da ake rabawa a bikin naɗin sarauta ko saukar karatu, inda babu shawara, sai dai wannan ya tashi ya yi nasa ya zauna. Irin wannan ta biyu an fi kiran ta tsarin biki ko shirye-shiryen taro.

Wanda ya rubuta ajanda yana da iko babba, ko da ba a faɗa ba. Batun da aka sa a farko yana samun lokaci da natsuwar mutane. Wanda aka tura ƙarƙashin sauran batutuwa yakan zo ne an gaji, ana kallon rana saboda salla. Wanda ba a sa ba sam, shugaba yana iya cewa ba ya cikin ajanda. Wataƙila daga nan ne kalmar ta sami ma'anarta ta biyu, wato manufa. Lokacin da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya hau mulki a 2007 da manyan ƙudirorinsa guda bakwai, an riƙa jin ana cewa ajanda bakwai. Daga manufa kuma sai ta gangara zuwa zargi:

(5) Sakatare ya karanta ajanda.
(6) Sakatare yana da wata ajanda.

Jimla ta (5) bayanin aiki ne. Jimla ta (6) tana iya haddasa faɗa a ƙungiya, domin ana nufin yana da wata ɓoyayyiyar niyya. Kalmar wata da aikatau na mallaka su ne suka juya ma'anar.

A majalisun dokoki akwai takarda makamanciyar wannan, wadda ke nuna ayyukan zaman ranar. Bukatar samun sunayen irin waɗannan abubuwa da Hausa tsohuwa ce, domin a shekarun 1950 da Ingilishi da Hausa ake muhawara a Majalisar Jihar Arewa da ke Kaduna, kuma a 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa wadda ta yi aiki a kan kalmomin aro. A 1991 aka buga ƙamus na kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu, wato Ingilishi, Hausa, Ibo da Yarabanci. Sashe na 55 da na 97 na Tsarin Mulkin 1999 sun buɗe ƙofar amfani da harsunan gida a majalisun tarayya da na jihohi.

3.8 Siffofin da Suka Bambanta Kalmomin

Daga bayanan da suka gabata ana iya fitar da tambayoyi uku da za a yi wa kowace kalma: shin tana kallon gaba ne ko baya, shin tana yanka lokaci, kuma mene ne aka jera a cikinta. Ga yadda amsoshin suka kasance:

Jeri: babu ruwansa da gaba ko baya, ba ya yanka lokaci, yana ɗaukar kowane irin abu.
Tsari: yana kallon gaba, lokaci ba dole ba ne, ya ƙunshi abubuwa da yadda za a yi su.
Jadawali: yana kallon gaba, yana yanka rana ko sa'a, yana ɗaukar kowane irin al'amari.
Ajanda: tana kallon gaba, ta zama ɗaya ce, batutuwan shawara ne a cikinta.
Rijista: tana kallon baya, tana nuna ranar shigarwa kawai, sunaye ne ko al'amura a cikinta.
Rosta: tana kallon gaba, tana yanka lokaci, mutane ne da aikinsu a cikinta.
Manhaja: tana kallon gaba, ba ta yanka rana, darussa ne a cikinta.

Wannan ya nuna jeri shi ne uwa, domin kowace daga cikin sauran jeri ce da aka ƙara wa wani sharaɗi. Duk jadawali jeri ne, amma ba duk jeri ne jadawali ba.

3.9 Shawarwari

Bisa ga wannan, ana ba da shawarar a tsayar da suna guda ga kowace takarda ta kotu. Littafin shigarwa a kira shi rijistar ƙararraki. Tarin takardun ƙara guda a kira shi kundin shari'a. Takardar yini ko ta mako a kira ta jadawalin ƙararraki.

Mai yiwuwa wani ya ce jerin ƙararraki ya fi dacewa, tunda jeri kalmar asali ce, kowa kuma ya san ta. Wannan magana tana da ƙarfi, domin tsohuwar da ba ta yi makaranta ba za ta fi saurin gane jeri. Sai dai kamar yadda aka gani a 3.3.1, jeri ba ya ɗauke da lokaci, kuma lokaci shi ne dalilin wanzuwar takardar. Rijista ma ai jerin ƙararraki ce. Idan aka ɗauki jeri, ruɗanin da ake gudu bai gushe ba. Jadawali kuwa ya riga ya shiga kunnen jama'a ta hanyar lokutan salla da na azumi da labarun zaɓe a rediyo. Inda aka ga dole a yi amfani da jeri, to a haɗa shi da rana, a ce jerin ƙararrakin ranar Talata.

Haka kuma ya kamata a riƙa rubuta matakin shari'a da Hausa a fili, wato ambato, sauraron shaidu, ko yanke hukunci, a kuma liƙa takardar da boko da ajami, domin a ƙauyuka akwai mutane da yawa waɗanda karatun allo suka yi. A ɓangaren taro kuwa, a bar ajanda a ma'anarta ta takarda, a riƙa amfani da manufa ko ƙudiri a rubutun hukuma idan niyya ake nufi.

3.10 Kammalawa

A wannan babi an duba kalmomi goma, biyu na asali, huɗu daga Larabci, huɗu daga Ingilishi. An nuna cewa Bahaushe ya san bi da bi tun kafin takarda, kuma fiƙihu ya riga ya tsara wanda alƙali zai fara saurara, amma sunan takardar kanta aro aka yi. An kuma nuna cewa abin da ya raba kalmomin shi ne kallon gaba ko baya, yanka lokaci, da irin abin da aka jera. A ƙarshe an ba da shawarar jadawalin ƙararraki ga takardar da ke ƙofar kotu. Babi na gaba zai duba kalmomin da suka shafi sauya lokacin da aka yanka, irin su ɗagewa, jinkirtawa, dakatarwa da sokewa.